Ranar da Na Yi wa Garmaho Shari'a

Jikokina sun ɗauka mu a zamaninmu ba mu san daɗi ba. In na zauna ƙofar gida ina kallonsu, kowa ya dunƙufar da kai cikin waya kamar kaza ta samu tsaba, sai ɗaya ya ɗago ya ce, "Wai Baba Tsoho, ku da me kuke ɗebe kewa a da?" Nakan ce musu da mutane. Su yi dariya, su ɗauka ba'a nake yi, ni kuwa iyakar gaskiyata ke nan na faɗa musu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bakori da Malumfashi, ƙasar dawa da auduga. Da damina ba mai ganin haƙorin wani, kowa na duƙe. Amma da zarar dawa ta shiga rumbu, an kai auduga awo, to gari ya zama na samari. Da la'asar sakaliya kalangu zai ɗauka, a yi da'ira a yi kokawa har ƙafa ta haƙa rami a fage. 'Yammata na gefe suna gaɗa, tafinsu har ƙauyen da ke ƙetaren rafi ana ji. Wata rana mai kura ya biyo da 'yar kurarsa mai wari, wata rana 'yan kama su zo su yi wa tuwo wa'azi har tsofaffi su riƙe ciki. Sau ɗaya a shekara motar majigi kan zo ta kafa farin ƙyalle ta nuna mana yadda ake shuka auduga a layi, mu da muka buɗe ido cikin auduga. Duk da haka mukan kalla, rabinmu ta gaban ƙyallen rabi ta bayansa. Na yi kewar wannan duka, ba zan ɓoye ba, har yau in na ji kalangu daga nesa sai ƙafata ta motsa.

Uwa-uba kuma kalankuwa. Kwana uku ake yi bayan kaka, dattawa su ja gefe su bar wa samari mulki. Lokacin Bature bai tafi ba, to mu ma sai mu kafa tamu gwamnatin. Akwai Gwamna, da hular ƙwarya da aka shafe da farar ƙasa. Akwai Razdan, akwai Di'o, akwai 'yan doka masu kulake na karan dawa. Likitanmu igiya yake ratayawa a wuya da murfin kwalba a bakinta, ya ɗora maka a ƙirji, ya girgiza kai ya ce kana da cutar rowa, maganinta goro biyu. Kurkukunmu wani faffaɗan fa ne, shimfiɗaɗɗen dutse a bakin fage, inda mata ke shanya tsaba. Wanda aka ɗaure zai hau ya zauna a rana har wata budurwa ta ji tausayinsa ta fanshe shi da goro.

Doka ɗaya ce tak ke riƙe da wasan: ba a fushi. Duk abin da aka yi maka, dariya za ka yi ka ce ka gode. Wanda ya ɗaure fuska ko ya ɗaga murya, an ce ya ɓata wasa. 'Yammata su saka shi a waƙa shekara guda, damina ta zo ba mai zuwa gayyar gonarsa, in ya iso dandali a tashi a bar masa wurin. Na ga ƙato mai kayar da maza an zuba masa toka a ka yana washe baki saboda tsoron wannan.

Ni ne Alkali. Shekara uku a jere ana naɗa ni, ba don adalci ba, don bakina. Allah ya ba ni harshe, ni kuwa ban taɓa tambayar kaina don me ya ba ni ba. Ina iya kwaikwayon tafiyar kowa da tarin kowa. Ranar kasuwa in na zauna gindin tsamiya, kafin in gama gyara zama an kewaye ni. Ban iya kokawa ba, gonar ubana ba ta kai a yi magana ba, kyau kuwa ban tsaya an raba da ni ba. Taron nan na gindin tsamiya shi ne dukiyata.

Ina da aboki, ɗan tela. Ubansa Bayarabe ne da ya biyo hanyar jirgin ƙasa har Funtua, daga nan ya gangaro ƙauyenmu da keken ɗinkinsa, ya zauna har ƙasarmu ta rufe shi. Ɗan a garinmu aka yanke masa cibi. Rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya, a bukka ɗaya muka yi jinya, allonmu ɗaya jingine a zauren malam. Hausarsa ta fi tawa tsabta. Uwarsa, wadda duk gari ke kira Iya, tana sayar da manja da ƙosai, kuma ni ban taɓa sayen ƙosanta ba, don da ta hango ni za ta ce, "Ɗana, zo ka ɗauka." Duk gayyar da aka yi a garin nan yana ciki, kuma ba a taɓa barinsa a baya a kunyar noma ba. Amma in an zo rabon sarautar kalankuwa sai a tsallake shi, kamar yadda ake tsallake kududdufi. Ba wanda ya taɓa cewa don me, kuma kowa ya sani.

Abin da yake so ke nan a duniya. Ba Gwamna ba, ba Razdan ba. Ko ɗan doka ne, a dai kira shi cikin jerin samarin gari, ya amsa.

Uban ya bar masa garmaho a cikin gado, da faya-fayi guda tara cikin wani akwatin katako. Shekara da shekaru yana ɗaki, sai a shekarar da nake ba da labari ya samo allurai daga Funtua ya fara fito da shi ranar kasuwa. Yakan ɗora shi a kan turmi a inuwar rumfar Iya, ya murɗa hannunsa ya yi masa wani, ya saukar da allura a hankali kamar mai ɗiga wa jariri magani. Sai ka ji mutum ya fasa waƙa daga cikin akwati. Akwai na goge, akwai na kalangu, akwai wani na Larabawa. Akwai kuma guda ɗaya da ba ya sakawa a kasuwa, na yarensu, muryar wata mace da ganguna. Wannan na Iya ne. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci yake saka mata a tsakar gida, ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa, tana saurare har ya ƙare. Tun da aka kawo ta Arewa ba ta koma garinsu ba, kuma ta san ba za ta koma ba.

Ni kaɗai yake bari in taɓa faya-fayan. Shi ya koya mini a riƙe su ta gefe. Shi ya ce mini, "Ka ga abin nan, ba ya tsoron komai sai rana. In ta buge shi, lanƙwashewa yake, kuma ba ya miƙewa har abada." Shi ya sa kullum suna naɗe cikin tsohon zanen Iya.

To, ranar kasuwa ta farko na zauna gindin tsamiya, mutum biyar. Ta biyu, mutum biyu, ɗaya ma kurma ne. Ina jiyo shewa daga rumfar Iya. Na taɓa jin haushi a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba, don ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Ya za a yi ƙato ya ce yana kishi da akwati? Sai na riƙa zuwa ina zama kusa da abokin nawa ina tafi tare da kowa.

Ana saura mako kalankuwa ya same ni a gona ina ɗaure dami. Ya daɗe yana kame-kame, sannan ya ce, "Don Allah bana ka yi mini magana wurin Gwamna. Kai suna jin taka." Na ce ya kwantar da hankalinsa, an gama. Da muka taru rabon sarautu, Gwamna da kansa ya ɗauko zancen. Ya ce yaron nan ya yi mana gayya ba fashi, ko a ba shi ɗan doka? Wani ya ce baƙo dai raɓa ne. Aka juyo ana dubana. Kalma ɗaya zan faɗa a ba shi. Sai na ce, "A ba shi, amma sai an gwada shi tukuna. Ku bar mini gwajin." Da na koma na ce masa ya zo da garmaho ranar farko, Gwamna na son a yi masa kiɗa. Har da rungume ni.

Da hantsi fage ya cika. Ya iso da wankakkiyar riga, garmaho a ka, akwatin faya-fayi a hammata. Bai kai ga saukewa ba na ɗaga hannu, 'yan doka suka kewaye shi. Ya yi dariya, don ya san duk wanda za a naɗa sai an ɗan taɓa shi.

Na gyara rawanina na buhu, na yi gyaran murya irin ta alkalin gaske, na ce, "Kai ɗan tela, kotu ta samu labari kana ɓoye baƙi a cikin akwati. Ba su gai da Gwamna ba, ba a rubuta su a haraji ba, kuma suna kiɗa a ƙasar nan ba da iznin Sarkin Makaɗa ba. Haka ne ko ba haka ba?"

Ya durƙusa ya ce, "Haka ne, Allah shi gafarta Alkali."

"To a fito da su ɗaya-ɗaya su yi bayani."

Ya riƙa sakawa, ni kuma ina yi wa kowane faifai tambayoyi. In mai goge ya ja, in ce ƙarya yake, a rubuta. In Balarabe ya yi tsawa, in ce a gaya masa nan ba gidan ubansa ba ne. Mutane har faɗuwa suke. Taron da akwati ya ƙwace mini ya dawo hannuna, har da riba, kuma da a nan na tsaya da yau ba ni da abin rubutawa. Sai na leƙa akwatin na ce saura ɗaya.

Ya rage murya ya ce, "Wannan na Iya ne."

Na ce kotu ba ta san Iya ba. Ya saka. Muryar matar nan ta tashi a tsakiyar fage, wurin da ba a taɓa jin ta ba. Na kama kunne na ce, "Wagga da wane yare take zagin Gwamna?"

"Ba zagi ba ne, ranka shi daɗe. Waƙar gida ce."

"Gidan wa?" Na juya ga jama'a na buɗe hannuwa. "Kun ji fa. Ashe yana da wani gidan, mu nan kwana kawai yake yi."

Ihun da aka yi sai da tsuntsaye suka tashi daga kan tsamiya. Shi ma ya yi dariya. Sannan na yanke hukunci: baƙin nan tara, a kai su kurkuku, daga yanzu har la'asar, a jera su a kan fa, a tuɓe musu zane.

A duk fagen nan mutum biyu ne suka san ma'anar abin da na faɗa. Sauran sun ɗauka wani sabon salon ban dariya ne, wa ya taɓa ɗaure faifai? Ya ɗago ya dube ni. Ban kawar da kai ba, kuma wannan ne abin da na fi jin kunyarsa. Ya ce, "Allah shi gafarta Alkali, a ɗaure ni a madadinsu." Na ce kotu ba ta ɗaure mai gida a bar ɓarawo. Wata yarinya ta taso da goro a hannu za ta fanshe su, kamar yadda aka saba. Na ce baƙo ba shi da mai tsaya masa, ta koma. Sai na karɓi kulkin kara daga hannun wani ɗan doka na miƙa masa, na ce, "Ba aikin hukuma kake nema ba? Ga shi. Kai ne gandiroba. Ka tsare su, in ɗaya ya gudu inuwa, kai da sarauta sai a lahira."

Da hannunsa ya jera su. Ranar kaka ce, irin wadda ke busar da barkono wuni ɗaya, fa kuwa kafin azahar ba ya takuwa ba takalmi. Aka ci gaba da wasa, Likita na ta kama masu cutar rowa, aka yi kokawa, aka sha fura. Shi yana tsaye a kan dutse da kara a kafaɗa. Ba abin da ya hana shi ya kwashe kayansa ya tafi gida, sai dai ya san in ya yi haka ya ɓata wasa, kuma abin da aka daɗe ana faɗa a kansa ya tabbata. Duk wanda ya wuce ya tsokane shi, sai ya ƙame ya sara masa yana dariya. Na lura yana ɗan matsawa yana jefa inuwar jikinsa a kan faifai ɗaya. Na aika ɗan doka ya gaya masa gandiroba ba ya tsayawa wuri guda.

Da la'asar na sa aka sako fursunoni. Sun kumbura ta nan sun lotsa ta can, kamar faifan kaba da ruwa ya daka. Na ce a saka mu ji ko sun yi nadama. Allura ta riƙa hawa tana gangarowa, mai goge ya koma kukan akuya, Balarabe ya zama mashayi. Wallahi ban taɓa ganin garinmu ya yi dariya irin ta wannan yammaci ba. Tsofaffi da ke cewa ba ruwansu da wasan yara sai ga su suna share hawaye. Shekaru bayan haka in an tuna kalankuwa, wannan ake fara tunawa, a ce kai, Alkali, Allah ya yi maka baki.

Ana cikin saka na ƙarshe, wato nata, sai Iya ta iso da tiren ƙosai a ka. Ta tsaya. Muryar matar tana ja tana shaƙewa tana sake tashi, ganguna na tuntuɓe. Iya ta sauke tiren a ƙasa. Ba ta dubi ɗanta ba, ni ta duba, da rawanin buhuna da gemun audugata. Ta ce, "Ɗana, kai ma kana nan?"

Ɗan nata ne ya cece ni. Ya yi sauri ya tare ta, yana dariya har ana ganin dasashinsa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, kuma da Hausa, "Iya, wasa ne. Wasa ne kawai." Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗauki tirenta ta juya, ba ta sayar da ko ɗaya ba.

Gwamna ya ce yaro ya ci gwaji, wace sarauta za a ba shi? Ni dai da na yi shiru. Amma taro na kallona, kuma maganar Iya na ci na, ina neman wanda zan huce a kansa. Na ce a naɗa shi Sarkin Baƙi. Aka yi guɗa, aka naɗa masa zanen da yake rufe faya-fayan a ka. Ya durƙusa gaban Gwamna ya yi godiya, ya juyo ya yi mini.

Ba su kai wata kakar ba suka koma Funtua. Ba su yi faɗa da kowa ba, sun bi gida-gida sun yi sallama, har gidanmu. Can Iya ta rasu. Shi kuma ya koyi gyaran rediyo, ya buɗe shago, ya yi iyali, Allah ya rufa masa asiri fiye da ni. Na yi shekara wajen arba'in ina shiga Funtua, kuma na san duk lungun da zan bi don kada in wuce ta ƙofar shagonsa.

Sai da zan tafi aikin Hajji, ina bin mutane neman gafara kamar yadda ake yi, na ga ba makawa. Na same shi zaune cikin rediyoyi, furfura ta cinye kansa. Yana ganina ya miƙe ya rungume ni, ya aika a kawo lemo, ya kira 'ya'yansa ya ce, "Ku zo ku gai da Alkali, tare aka yi mana kaciya." Da suka fita na ce, "Alhaji, tafiya zan yi. Na zo ka yafe mini."

"Mi ka yi mini?"

"Faya-fayan nan. Na Iya. Na san abin da rana za ta yi musu, kai ka gaya mini."

"Haba Alkali," ya ce. "Ai wasa ne. Ana fushi a kalankuwa?"

Na ce na sani, amma dai ya faɗa da bakinsa, ya ce ya yafe. Har na sauko daga kujera na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai a wasa. Ya kama kafaɗata ya tashe ni, ya kakkaɓe mini gwiwa.

"In na ce na yafe, na yarda na yi fushi ke nan," ya ce. "Wuni guda na tsaya a kan dutsen nan don kada a ce na ɓata wasa. Yanzu da furfurata kake so in ɓata?"

Sai ya yi dariya, irin ta ranar sak, har dasashi. Ya rako ni bakin titi, ya tsayar mini da mota, ya ce in yi masa addu'a in na isa. Na yi masa, na yi wa Iya. Bayan na dawo na sake komawa sau biyu, amsar ba ta sake ba, lemon ma bai fasa ba. Ya rasu shekarun baya, na je jana'iza na tsaya a sahun ƙarshe.

Jiya ƙaramin jikana ya zo ya ce, an ce a da ni ne mai ba gari dariya, in yi masa irin wadda na fi ƙwarewa. Na ce masa na manta, ya je ya ɗauko wayarsa.